Laburaren Jihar Arewa da Akwatunansa: Inda Aka Dace da Inda Aka Kuskure

Mutumin da ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci da girmansa, ya yi wata da watanni yana fama da baƙi da wasali, har Allah ya nufa ya karɓi takardar shaida, ya san wata damuwa wadda ɗan makaranta bai cika saninta ba. Ran da aka sallami aji, ran nan tambaya takan same shi: to, yanzu kuma me zai karanta? Karatu kamar fartanya yake, in aka jingine shi damina ɗaya sai ya yi tsatsa. Littafi kuwa da kuɗi ake sayensa, manomi ko maƙeri ko mai tireda ba shi da halin sayen sabo kowane wata. Saboda haka maganar inda talaka zai sami aron littafi babbar magana ce gare shi, gama a kanta ne wahalar da ya sha a aji za ta yi amfani ko ta tafi a banza.

A zamanin da Arewacin Nijeriya take Jiha guda, an yi wani tsari domin biyan wannan bukata. An kafa babban laburare a Kaduna, aka riƙa cika akwatuna da littattafai ana aikawa da su ɗakunan karatu na En'e-En'e cikin larduna. Tsarin ya yi shekara goma sha shida yana aiki, daga 1952 zuwa 1968, sa'an nan aka wargaza shi. Ya kamata a auna shi da adalci, a faɗi abin da ya yi daidai, a kuma nuna inda ya gaza, musamman wajen abu biyu: wa ke biyan kuɗin, wa kuma ke da ikon faɗa a ji.

Amfanin tarayya

Kafin a shiga tarihi, ya kyautu mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa ake tarayya a kan littattafai. A ɗauki misali. A ce ga garuruwa goma, kowane yana da kuɗin sayen littafi 200. In kowane gari ya yi gaban kansa, mai yiwuwa duk su sayi iri ɗaya, mutumin kowane gari kuwa iyakar abin da zai gani har ya tsufa littafi 200 ne. Amma in suka haɗa kuɗinsu, aka sayi iri dabam-dabam har 2,000, aka riƙa juya su daga wannan gari zuwa wancan, to, da kuɗin nan dai kowane mai karatu zai sami hanyar littafi 2,000. Ba a ƙara ko anini ba, amma amfani ya ninka sau goma.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malamai sun saba aron littafi daga hannun juna, almajiri ya yi tafiyar kwanaki domin ya kwafi wani littafin da babu shi a garinsu. Bambancin shi ne, aron malamai bisa amana da sanayya yake tafiya, tsakanin mutum da mutum. Tarayyar garuruwa kuwa ba ta tafiya sai da mai sayen littattafan, da mai rubuta sunayensu cikin rajista, da motar ɗauka, da mai karɓa a can, da wanda zai bi sawu in littafi ya ɓata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin kuɗi kowace shekara. Nan ne maganar take yin nauyi.

Yadda aka fara

Ɗakunan karatu sun riga laburaren Kaduna. An buɗe da yawa daga cikinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945, domin jama'a su sami labarin yaƙi daga jaridu da ƙananan takardun Gwamnati. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, tana cikin abubuwan da suka fi jan mutane zuwa can. En'e ce ke gina ɗaki, ita ke ɗaukar mai tsaronsa, ita ke biyansa daga baitulmalinta. Da yaƙi ya ƙare, sai dalilin da ya haifi ɗakunan ya gushe, da yawansu suka koma wurin tara ƙura da tsofaffin takardu.

A 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki wata Baturiya mai suna Joan Parkes, wadda ta ƙware a aikin laburare, aka ɗora mata nauyin farfaɗo da waɗannan ɗakuna. Daga nan Laburaren Jiha ya samo asali a Kaduna. Aikin da ke gabansa ba ɗan kaɗan ba ne. Jihar Arewa ta ɗauki fiye da kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya, lardunanta goma sha biyu ne a lokacin, mutanenta kuwa bisa ƙidayar 1952 sun kusa miliyan 17. Hanyoyin mota kaɗan ne masu kwalta, da damina wasu garuruwan sai a yi makonni ba a kai gare su ba.

Dabarar da aka yi ita ce ta akwati. A Kaduna ake zaɓen littattafai, a yi musu lamba, a shirya su cikin akwatuna, a aika wa ɗakunan karatu da makarantu. In an ɗauki wani lokaci sai a komo da akwati, a ba da wani. Ana kuma kiran masu tsaron ɗakunan a koya musu yadda ake jera littattafai da yadda ake rubuta sunan mai aro.

Abin yabo

Duk mai adalci zai yarda cewa an yi tunani mai kyau a nan. Waɗanda suka tsara aikin ba su ce sai an gina manyan benaye a kowane lardi kafin a fara ba. Sun dubi abin da ke ƙasa, watau ɗakunan En'e, suka ce a gina a kansa. Akwati abu ne mai araha, yana shiga jirgin ƙasa, yana hawa bayan babbar mota, in ta kama a ɗauke shi a ka. Da shi littafin da aka karanta a Gusau bana zai iya zama a hannun wani a Yola baɗi. Ƙwararren ma'aikaci kuma a lokacin abu ne mai wuyar samu, saboda haka tara 'yan kaɗan ɗin da ake da su wuri guda, su yi wa larduna duka aiki, shi ne abin da hankali zai ɗauka.

An kuma fara aikin a kan kari. Shekarun nan ne Gwamnati ta tashi haiƙan a kan Yaƙi da Jahilci, manya suna ta fitowa daga azuzuwa da ƙishirwar abin karantawa. Hukumar NORLA da ke Zariya tana buga ƙananan littattafai masu sauƙin kuɗi, da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. Ga aji, ga maɗaba'a, ga akwati. Da an ɗaure ukun nan da igiya ɗaya, da labarin ya zama dabam.

Gida ɗaya, masu gida biyu

Aibi na farko yana cikin tushen ginin. Littattafai na Gwamnatin Kaduna ne, ɗaki da mai tsaronsa na En'e ne. Mai kula da Laburaren Jiha yana iya ba da shawara, amma ba shi da ikon ya ce wa wata En'e ta gyara rufin ɗakinta, ko ta ƙara wa ma'aikaci albashi, ko ta bar wanda aka koya wa aiki a wurinsa kada a mai da shi ofishin haraji. Ita kuma En'e ba ta da kujera a inda ake yanke shawarar irin littattafan da za a saya. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin aikin, ba wanda za a kama da laifi in aikin ya lalace. In mai karatu ya zo ya tarar ɗaki a kulle, wa zai kai wa kuka? Kaduna ta yi masa nisa, En'e kuwa tana iya cewa littattafan ba nata ba ne.

Maganar kuɗi ta ƙara dagula al'amarin. Baitulmalin En'e daga haraji da jangali yake cika, En'e-En'e kuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wadda take da jama'a da kasuwa kamar ta Kano tana da abin da za ta taɓa, ƙaramar En'e kuwa da ƙyar take biyan 'yan doka da ma'aikatan asibiti da gyaran hanya. In an zo tsara kuɗin shekara, aka ga ba za su kai ba, ɗakin karatu ne farkon abin da hannu zai kai kansa, domin ba a taɓa jin wanda ya mutu don rashin littafi ba, illar rashinsa a hankali take bayyana. Sakamakon haka shi ne, mutumin ƙaramar ƙasa, wanda ya fi kowa bukatar akwatin domin babu kantin littattafai kusa da shi, shi ne ya fi samun ɗaki marar kyau. Tarayya ta gaskiya ai domin mai ƙarfi ya tallafi marar ƙarfi ake yinta. Tsarin Arewa ya raba littattafai tsakanin larduna, amma bai raba nauyin ɗaki da ma'aikaci ba, ya bar kowace En'e da abin da aljihunta zai iya.

A Kaduna ma laburaren ba shi da gashin kansa. Ɗan sashe ne cikin ma'aikata, da farko a ƙarƙashin masu kula da ilmi, daga baya aka mai da shi Ma'aikatar Watsa Labarai. Kasonsa na kuɗi yana cikin kason ma'aikatar, yana gogayya da makarantu a wancan gida, yana gogayya da majigi da sauran aikin watsa labarai a wannan. Ba shi da wata hukuma tasa wadda za ta tsaya gaban Majalisa ta yi magana da bakinsa.

Rashin doka

Aibi na biyu shi ne uwar na farko, watau rashin doka. An kuwa yi gargaɗi tun da wuri. A 1953 hukumar UNESCO ta tara masana a Ibadan domin shawara a kan laburaren jama'a a Afirka, babban abin da taron ya nanata shi ne aikin ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an kafa shi bisa doka, wadda za ta faɗi wanda ke da nauyinsa da inda kuɗinsa zai fito. Akwai kuma misali a kusa. Ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yau, ta riga ta yi dokar Hukumar Laburare, hukumar ta fara aiki a 1950. Jihar Gabas ta Nijeriya ta bi sawu a 1955, ta zama ta farko a ƙasar da ta yi irin wannan doka. Da taimakon UNESCO aka buɗe babban laburare a Inugu a 1959, aka sa motar littattafai tana zagaya garuruwa, kafin yaƙin basasa kuma an buɗe rassa a wurare irin su Fatakwal da Umuahiya da Anacha.

Me doka take ƙarawa? Tana mai da aikin alheri ya zama wajibi. Hukumar da doka ta kafa tana da asusunta, tana ɗaukar ma'aikatanta, tana mallakar littattafanta da sunanta, kowace shekara kuma tilas ta kawo bayanin abin da ta karɓa da abin da ta kashe. Mai son ba da gudummawa daga waje ya san hannun da zai danƙa wa. In za a rushe ta, sai an koma Majalisa an yi muhawara a fili. Sashen ma'aikata kuwa da takarda guda ake ɗauke shi daga nan zuwa can.

Mai musu yana iya cewa doka ba laya ba ce, kuma yana da gaskiya. Dokar Gabas ba ta kare littattafanta daga yaƙin 1967 zuwa 1970 ba. Hukumar Ghana ma ta sha wuya sa'ad da tattalin arzikin ƙasar ya karye a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, sayen sababbin littattafai ya yi mata wuya. Yana kuma iya cewa Gwamnatin Arewa tana da uzuri, gama En'e-En'e suna da ƙarfi ƙwarai a lokacin, sarakuna ba za su so wata sabuwar hukuma daga Kaduna ta shigo musu cikin sha'ani ba. Wannan ma magana ce. Amma uzurin yana nuna irin dokar da ta dace ne kawai, watau wadda za ta ba En'e-En'e kujeru cikin hukumar, ta kuma ƙayyade abin da kowacce za ta biya gwargwadon ƙarfinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wakilan larduna suna zaune a inda ake yanke shawara, da sun faɗi abin da mutanensu ke nema, da kuma sun ji kunyar barin ɗakunansu a lalace.

Shawarar baƙo daga Ostareliya

Gwamnati ba ta rasa gane cewa akwai gyara ba. Bayan samun mulkin kai aka gayyato F. A. Sharr, shugaban laburaren Jihar Ostareliya ta Yamma, ya zagaya Arewa, aka buga rahotonsa a Kaduna a 1963. Zaɓensa ya dace, domin ƙasar da ya fito ta fi Arewa faɗi nesa ba kusa ba, mutanenta a lokacin ba su kai miliyan ɗaya ba, suna warwatse cikin ƙananan garuruwa masu nisa da juna. A can dokar 1951 ta kafa Hukumar Laburare. Hukumar ce ke sayen littattafai a birnin Perth, ta shirya su, ta rarraba, ta riƙa musanya su a kai a kai. Hukumomin garuruwa kuma su ke ba da gini da ma'aikata. Mai karatu a ƙauye in ya nemi littafin da babu a garinsu, sai a nemo masa daga wani gari.

Mai karatu zai lura cewa wannan rabon aiki ya yi kama da na Arewa ƙwarai: littafi daga tsakiya, ɗaki daga gari. To, me ya sa ya yi ƙarko a can, ya kasa a nan? Amsa ita ce, a can rabon yana tsaye bisa doka da yarjejeniya, kowane ɓangare ya san abin da ke wuyansa kafin a sauke masa littafi ko ɗaya. A Arewa kuwa bisa kyakkyawar niyya yake tsaye, niyya kuma takan tafi tare da mai ita ran da aka yi masa canjin wurin aiki.

Sharr ya ba da shawarar a yi aikin bisa haɗin gwiwa tsakanin Gwamnati da En'e-En'e, a kuma riƙa horar da ma'aikata a cikin Arewa. Shawarar horarwa ta yi 'ya'ya, gama a 1968 aka buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya yaye ma'aikata masu yawa. Amma ba a kai ga yi wa Laburaren Jiha dokar hukuma ba har kwanan Jihar ya ƙare.

Me ke cikin akwatin?

Akwai aibi na uku, wanda ko tsarin Ostareliya ba shi da maganinsa. Mutumin Ostareliya Turanci yake karantawa, littattafan Turanci kuwa ana buga dubbai kowace shekara, aikin hukuma zaɓe ne kawai. Wanda ya fito daga ajin manya a Arewa Hausa ya koya, ko wani harshen ƙasa. Littattafan Hausa na boko a lokacin ana iya ƙirga su: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Magana Jari Ce, da waɗansu 'yan kaɗan, sai ƙananan littattafan NORLA. Mai ƙwazo yana iya gama su cikin 'yan watanni. Saboda haka yawancin abin da ke cikin akwati na Turanci ne, waɗanda suka fi cin moriyarsa kuwa su ne malaman makaranta da akawuna da ɗalibai masu shirin jarrabawa. Wannan ba laifi ba ne a kansa, su ma 'yan ƙasa ne masu bukata. Amma manomin da aka ce ya zo ya yaƙi jahilci, shi ne ya tarar da akwatin ba ya jin harshensa.

Gyaran wannan yana hannun Gwamnati, domin ita ke da laburare, ita ke da maɗaba'a. Abin da ke karya mai buga littafin Hausa shi ne rashin tabbacin masu saye. Da an sharɗanta cewa kowane sabon littafin Hausa, laburare zai sayi adadi sananne domin ɗakunan karatu duka, da maɗaba'a ta sami kasuwa tabbatacciya, ɗakuna kuma sun sami abin da jama'a ke so. Sai ga shi NORLA ta daina aiki a 1959, laburare yana da shekara bakwai kacal. Kamfanin NNPC na buga littattafai bai zo ba sai 1966. An haƙa magudana mai kyau, aka bar idon ruwan ya ƙafe.

Rabon gado

Ran 27 ga Mayu 1967 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta raba Nijeriya jiha goma sha biyu, shida daga cikinsu a Arewa, hedkwatocinsu a Sakkwato, da Kaduna, da Kano, da Maiduguri, da Jos, da Ilori. Jihohin suka kama aiki sosai a Afrilun 1968. Aka dubi kayan tsohuwar Jiha, aka ga akwai waɗanda ba su rabuwa. Domin su aka kafa wata hukumar riƙon ƙwarya ta ayyukan tarayya, wadda ta riƙe abubuwa irin su Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, jihohi shida suna tarayya a kansu. Laburaren Jiha bai shiga cikin waɗannan ba. Aka raba littattafansa da ma'aikatansa tsakanin jihohin, kamar yadda ake raba gadon mamaci.

A nan ne aibin rashin hukuma ya fito fili. An gane cewa jami'a ba ta yankuwa gida shida, amma ba a gane haka game da laburare ba, domin a idon masu rabo tarin kaya ne cikin sito. Alhali darajarsa tana cikin haɗuwarsa. A koma ga misalin garuruwa goma: in aka raba littafi 2,000 ɗin nan, kowane gari ya koma kan 200, ba a yi asarar ko takarda ɗaya ba, amma kowane mai karatu ya yi asarar 1,800. Rajistar da ke nuna inda kowane littafi yake ta zama ba ta da amfani. 'Yan ƙwararrun da suka isa yi wa wuri guda aiki, da aka watsa su wuri shida sai ƙarfinsu ya ragu.

Gaskiya ne rabon ya zo da wani alheri. Mutumin Barno ko na Sakkwato ya sami hedkwatar laburare kusa da shi, ba sai ya jira Kaduna ba, jihohi da dama kuma daga baya sun yi dokokin hukumar laburare, abin da tsohuwar Jiha ba ta yi ba. Kuskuren shi ne da aka ɗauka zaɓi biyu ne kawai, ko a tara kome a Kaduna, ko kowa ya kama gabansa. Akwai hanya ta uku: kowace jiha ta riƙe ɗakunanta, amma a bar rajista guda, da sayayya guda, da aron juna a tsakani. Ba a sami mai tsayawa ya kare wannan hanya ba, domin laburaren ba shi da bakin kansa.

Abin da ya rage ga na baya

Yau jihohin Arewa goma sha tara ne. En'e-En'e sun ba ƙananan hukumomi wuri tun gyaran 1976. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta tsara, yana taimakon laburaren jami'o'i da kwalejoji na Gwamnati, amma laburaren gari, inda mai karatun ajin manya zai shiga, ba ya cikin huruminsa. Kwamfuta da intanet sun sauƙaƙa abin da ya gagari mutanen 1952, domin yanzu rajistar jihohi duka tana iya zama wuri guda, mutum ya duba ta cikin wayarsa. Littattafan Hausa kuma sun yawaita ƙwarai tun daga shekarun 1980, musamman a Kano. Amma na'ura ba ta amsa tambayoyin da suka kayar da akwati. Ita ma tana bukatar mai biyan kuɗin wuta da na gyara kowace shekara, da wanda za a tuhuma in ta tsaya.

Saboda haka duk sa'ad da aka zo wa jama'a da zancen haɗa laburare da laburare, ko na jihohi ko na ƙananan hukumomi, ya kamata masu karatu su yi tambaya huɗu kafin su yi tafi. Wace doka ko yarjejeniya ce ta kafa tarayyar? Nawa ne kowane ɓangare zai biya a shekara, an kuma sassauta wa marar ƙarfi? Su wa ke zaune cikin hukumar, akwai wakilin garuruwan da ake yi dominsu? Kashi nawa na kuɗin aka keɓe wa littattafai cikin harshen da mutane ke karantawa? Wanda ya iya karatu yana da ikon ya rubuta wa kansilansa ko ɗan majalisarsa waɗannan tambayoyi da hannunsa, wannan ma yana cikin amfanin takardar shaidar da ya karɓa.

Hukuncin da ya dace da Laburaren Jihar Arewa shi ne, dabararsa mai kyau ce, ma'aikatansa sun yi ƙoƙari da ɗan abin da aka ba su, mutane da yawa kuma sun ƙaru da shi. Abin da ya rasa shi ne doka, da asusu tabbatacce, da hukumar da masu biya da masu karatu za su zauna ciki. Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. An tara tsintsiyar a Kaduna shekara goma sha shida, ta kuma yi shara gwargwado, amma ba a ɗaure ta ba, shi ya sa ranar rabo kowa ya zari nasa ya tafi.